Firjin Iya Abu

Kwanakin baya wani saurayi ya zo shagona a Bebeji da fanka a kafaɗa, wayar salula a hannu. Ya ce ya kalli yadda ake gyaran fanka a waya, ba wani abu ba ne, aron sukundireba kawai yake so. Na ba shi. Ya tsuguna a bakin shago ya kwance ta, ya cire kafasitar da ta kumbura, ya sayi sabuwa a wajena ya ɗaura. Da ya jona ta a wuta sai ga ta tana juyawa. Ya yi dariya ya ce, "Baba, ashe wannan ne aikin da kuka tsufa a kansa?" Na ce masa eh, shi ne. Ban yi masa musu ba, domin ya yi daidai, kuma fankar ta tashi.

Canza abin da ya ƙone ba wuya, kowa zai iya in ya natsu. Abin da nake so ku samari masu sha'awar sana'ar nan ku ji daban ne, kuma ba zan iya faɗarsa ba sai da labarin firjin wata tsohuwa a Dangora, Iya Abu. A cikin firjin nan ake ajiye mata ruwan allurar ciwon suga. Magani ne da zafi ke kashewa, in kuwa ya mutu, mai ciwon ne zai biya da jikinsa. Ni aka damƙa wa gyaran firjin, kuma duk abin da hannun mai gyara ke yi na yi masa daidai. Duk da haka bai yi mata sanyi ba.

Amma bari in fara da inda na koyi aikin, don ku gane yadda aka yi.

Da na gama firamare mahaifina ya kai ni Tudun Wada wajen Malam Tanimu, wanda ke gyaran rediyo da fanka da dutsen guga a wata rumfa kusa da tasha. Na daɗe ban taɓa kayan kowa ba. Aikina shara, da ware ƙusoshi a gwangwanayen madara, da warware wayar tagulla daga jikin koyil ɗin da ya ƙone har yatsuna su yi baƙi su tsage. Malam ba ya bayani da yawa. Sai ya miƙo min abu ya ce, "Shinshina." Ƙaurin koyil daban, ƙaurin roba daban, na ƙura da ta taru ta ɗauki zafi shi ma daban. Kayan aikinsa ba su cika jaka ba: testa, filaya, sukundireba manya da ƙanana, ƙarfen narka dalma, da wata tsohuwar mita mai allura wadda yake naɗewa a tsumma, ba ya barin kowa ya ɗauka. Ranar da wutar wani dutsen guga ta jefar da ni har na bugi dirkar rumfa, Malam ko kai bai ɗaga ba. Cewa ya yi, "Kun gaisa da ita ke nan. Gobe ka fara taɓawa da bayan hannu."

Akwai darasi ɗaya da ya tsaya ya yi min shi da baki. Mun je wani gida gyaran fankar sama, aka kwanto ta aka kawo mana zaure. Ina riƙe masa waya sai na ji motsi daga ciki, na ɗaga ido na leƙa. Ya bari sai da muka kama hanya. Ya ce, "Garba, iyakar mai gyara zaure. Abin da ke bayan zaure iyalin mutum ne. Ba ka leƙawa, ba ka tambaya, ba ka cewa a shigar da kai. Ranar da aka ce kana da rawar ido, ranar ka gama aiki a garin nan."

Na riƙe wannan magana, ita ce ma ta ciyar da ni. Da na buɗe shagona a Bebeji aka riƙa cewa Garba yana da kunya, a kira shi. Daga Kiru har Doguwa na shiga zaurukan da ban san adadinsu ba. A fito min da hitar ruwa, da injin markaɗe, da dutsen guga an naɗo shi a zane. Na san gidaje da yawa ta kayansu, ban taɓa ganin fuskar masu amfani da su ba. Matar gida ce ta san yadda abin ya lalace, amma mijinta ne zai tsaya a kaina yana bayani, shi da bai taɓa kunna shi ba. Ka tambaye shi me ya faru ya ce, "Haka kawai ya tsaya." Ka buɗe injin markaɗe ka tarar da tsakuwa ta karya wuƙa. Da haka muke aiki, kuma yawanci yana yi, domin laifin ƙaramin kaya a jikinsa yake.

Sai shekarar da wuta ta lalace mana. Ba ɗaukewar ce ta dame mu ba, wannan mun saba. Kawo ta ake yi ba ƙarfi. Ƙwan fitila ya yi ja kamar garwashi, fanka tana juyawa kana iya bin fukafukanta da ido. Shago ya cika da ƙonannun kaya har ba wurin sa ƙafa, mutane suna cewa kakarmu ta yanke saƙa. Ba su san cewa abin da ka gyara yau zai dawo maka a ƙone kafin mako ya zagayo ba, mai shi kuma ya tsaya a bakin shago yana ce maka macuci. Kayan canji na kirki suka yi wuya, wanda za ka samu a kasuwa ka ɗaga ka ji shi sakayau. Ga bazara ta yi tsanani. A cikin wannan hali Alhaji Mudi ya tsayar da babur a ƙofar shagona.

Alhaji Mudi mai sayen hatsi ne a Dangora, na taɓa yi masa gyaran fanka. Bayan mun gaisa ya ce, "Malam Garba, firjin tsohuwa ne ya ƙi sanyi. Ba don ruwan sha na zo ba. Allurarta ce a ciki, asibiti sun ce kada ta ga zafi."

Na ce, "Yanzu ina maganin yake?"

"Yana wajen mai kemis a bakin kasuwa, yana da sola. Ƙanena Sabo ke karɓowa safe da yamma. Wata rana a je a tarar ya rufe ya tafi ɗaurin aure, tsohuwa tana zaune tana jira. Abin ba ya yi."

Washegari na je. Kafin in iso shi da Sabo sun riga sun fito da firjin zaure, sun tsayar da shi kusa da buhunan masara. Ƙaramin firji ne fari, an goge shi tas. A bangon zauren akwai soket daidai ƙarƙashin mitar gidan. An yi sa'a akwai wuta, na jona shi. Nan take kwamfireso ya tashi, wato baƙar tukunyar ƙarfen nan da ke bayan firji, wadda ke tura gas. Ya ɗauki gurnaninsa lafiya lau. Na dafa bututun baya na ji ya fara ɗumi yadda ya kamata.

Sai na ji murya daga bayan bangon zaure, muryar tsohuwa amma da ƙarfinta.

"Mai gyara, sannu da zuwa. Kar ya ruɗe ka. Gaban baƙo ne yake nuna halin kirki."

Na ce, "Ina wuni, Iya? Yaya yake yi miki a ɗaki?"

"Ƙas yake yi, ya yi shiru. Can ya sake ƙas. Kamar ni in zan tashi daga tabarma gwiwa ta ƙi."

Muka yi dariya har da Alhaji. Wannan ƙas da ta faɗa na san shi. Kwamfireso ne ke neman tashi ya kasa, sai abin kariyarsa ya yanke wuta. Abin da ya fi kawo haka shi ne rile, ɗan ƙaramin abin da ke tayar da shi. Na cire rilen na girgiza shi a kunne, na ji kamar da ɗan motsi a ciki. Na sa sabo. Muka zauna muna hira har farantin ciki ya yi raɓa ya fara fari. Suka ɗauke shi suka shiga da shi, ni kuma na hau babur.

Ba a daɗe ba Alhaji ya kira. "Injiniya, abokinka ya koma halinsa."

Na koma. Aka sake fito da shi, na sake jona shi a soket ɗin zaure, ya sake tashi. Na auna gas, yana nan. Na duba robar ƙofa, tana kamawa. Na bi wayoyin jikinsa ɗaya bayan ɗaya da mita, ba wadda ta yanke. Alhaji yana tsaye ya harɗe hannu a baya.

"To ko aljanu ne a ɗakin, Malam Garba?"

Daga ciki Iya ta ce, "Aljanar ɗakin nan ni ce, kuma ban taɓa shi ba."

A nan ne maganar ta zo min har bakin leɓe, in ce a bar ni in shiga in ga inda yake zama. Amma na san gidan. Matar Alhaji tana kulle, kuma an ce ɗakinta yana kallon na Iya. Ban taɓa roƙon shiga gidan wani ba, shi ma bai taɓa shigar da mai gyara ba. Sai na sauya tambayar na ce, "Soket ɗin ɗakin lafiyarsa ƙalau?"

Ya ce, "Ƙalau. Kana buɗe firjin fitilarsa take kamawa. Rediyonta ma a nan take sawa."

Na karɓi wannan amsa, alhali na san ba amsa ba ce. Fitilar firji da rediyo ba sa cin komai, ko wutar da ta kusa mutuwa za ta kunna su. Kwamfireso kuwa a lokacin tashi yana fizgar wuta da ƙarfi, kamar sa in zai tayar da amalanke mai kaya. In bai samu ba sai ya yi ƙas ya koma. Yau duk wanda ya kira ni gyaran firji ina gaya masa tun a waya cewa sai na ga wurin zamansa da idona. Wasu sun ji haushi sun daina kirana. A ranar dai ban faɗa ba. Na ce wa Alhaji wutar bana ce, ya sayi sitabilaiza, na'urar daidaita ƙarfin wuta, ya haɗa masa a ɗaki. Ya saya.

Da aka kira ni karo na gaba, fuskar Alhaji ba walwala. Ya ce sitabilaizar ma ƙara kawai take yi, Sabo kuma ya gaji da zaryar kemis, ga aikin gona ya matso. Ya ce, "In sabo za a saya ka faɗa min. In kuma ya fi ƙarfinka, shi ma ka faɗa min, ba abin kunya ba ne."

Wannan magana ta biyun ce ta sa na ce kwamfireson ne ya gaji, yana tashi da sanyin zaure, ya kasa da zafin ɗaki. Na ce a canza shi.

Canjin kwamfireso shi ne babban aiki a firji, kuma na yi shi a zauren nan da kyau. Na yanke bututu na saki tsohon gas. Na kwance ƙusoshin ƙasa na ciro tukunyar. Na zaunar da sabuwa a kan robobinta, na goge bakin bututan tagulla har suka yi ja, na hura wutar walda na liƙe su ɗaya bayan ɗaya, na sa jiƙaƙƙen tsumma a gefe don kada zafi ya ci fenti. Na canza ƴar matatar da ke tare datti. Na zuƙe iskar ciki, na ɗura gas a hankali ina kallon ma'auni. Na kaɗa ruwan sabulu na shafa a kowane liƙi, ko kumfa ɗaya bai taso ba. Da na jona shi, kafin mu idar da sallar azahar ruwan da muka sa a kofi ya fara ƙanƙara.

Alhaji ya taɓa kofin ya yi murmushi. Ya ce, "A dawo da magani?"

Na ce, "A dawo da shi. An gama."

Iya ta aiko min da fura a kwanon sha da goro biyu. Ta ɗaga murya ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗan nan. Ka huta da hawa babur, ni ma in huta da jiran Sabo."

Na ɗauro tsohon kwamfireson a bayan babur na kawo shago. Da na samu sarari na jona shi a kan tebur don in ga ko zan ciri wani abu a jikinsa. Ya tashi. Na toshe bakin bututun da babban yatsa, ya ture yatsan da ƙarfinsa. Lafiyarsa ƙalau. Duk mai gyaran da ya ga haka ya san abin da yake nufi: ba a taɓa ainihin laifin ba, yana can inda aka bar shi. Abin da ya kamata in yi shi ne in kira Alhaji in ce a mayar da magani kemis tukuna. Na tura kwamfireson ƙarƙashin tebur, na ce wa kaina in da matsala za su kira.

A kwanakin aka haɗa ni da aikin wasu firizoji na masu shaguna a Doguwa, daga can na zarce Burumburum. Hanyoyin daji ne, wani wurin ko waya ba ta shiga. Na yi makonni ina wannan zirga-zirga. Ba kira daga Dangora. A sana'armu in mai kaya ya yi shiru, ɗauka muke yi aiki ya yi.

Abin da ke faruwa a cikin gidan daga baya na ji shi a bakin Sabo. Tun ranar da aka shigar da firjin bai tashi ba. In an kawo wuta sai ƙas, in an tayar da ɗan ƙaramin janaretan gidan ma ƙas. Alhaji ya tafi cin kasuwannin hatsi, ba ya kwana gida sosai. Matarsa ta ce wa Iya a gaya masa, Iya ta hana. Ta ce Mudi ya gaji da kashe kuɗi a kan akwatin nan, mai gyara ma bawan Allah ya yi iya yinsa, kada a mayar da shi abin wasa. Ta ce ai da ɗan sanyi-sanyi. Da safe in ta sa hannu takan ji ƙarfen ciki da sanyin asuba, ga fitila tana kamawa. Da rana kuwa, ɗaki mai rufin kwano, firji a rufe, cikinsa ya fi tsakar gida zafi. Da a gindin randa aka binne kwalaben cikin jiƙaƙƙen yashi, da sun fi samun sanyi. Amma mai gyara ya ce an gama.

Kullum ana yi mata allura a kan lokaci. Sai ƙishirwa ta yi mata yawa, jiki ya mutu, aka ce zafin bazara ne. Tana da faso a diddige, ya buɗe ya zama gyambo. Aka sa magani, aka ɗaure, ya ƙi kamewa. Da ƙafar ta fara baƙi tana wari aka ɗauke ta zuwa asibiti a birni.

A Kwanar Dangora na haɗu da Sabo, ina dawowa daga Doguwa na tsaya shan mai. Muka gaisa, na ce yaya Iya, yaya firji.

Ya dube ni ya ce, "Ba ka ji ba? An yanke wa Iya ƙafa. Daga ƙasan gwiwa."

Na kashe babur.

Ya ce, "Likita ya ce a kawo maganin da take yi. Da ya ɗaga kwalbar ya duba sai ya tambaya a ina ake ajiyewa. Ya ce zafi ya riga ya kashe shi, duk kwanakin nan kamar ruwa ake ɗura mata." Ya gyara hularsa. "An sallamo ta shekaranjiya. Mutane suna ta zuwa dubiya."

Washegari da hantsi na je. Na tarar da Alhaji a ƙofar gida a kan tabarma da wasu dattawa. Na yi masa jaje. Bai ɗaga min murya ba, bai kuma ambaci firji ba. Ya ce, "Ƙaddara ce, Malam Garba. Allah ya riga ya rubuta." Da dattawan suka tashi sai ya ce, "Bismillah, shigo ku gaisa da ita."

Ya tsaya a bakin ƙofar ciki ya ɗaga murya, "A gyara, zan shigo da baƙo." Na ji motsin takalmi, na ji an saki labule. Shi ke nan. Ya ce in biyo shi.

Ban kai tsakiyar gidan ba na gan ta. Wata siririyar waya ce ja da baƙi, irin wadda ake haɗa lasifika da ita. Ta fito daga bayan zaure, an rataye ta a kan ƙusoshi, ta bi dogon bango, ta haye rumfar girki, ta zagaya bayan turken awaki, sannan ta shiga ta saman ƙofar ɗakin ƙarshe. A wurare da dama ta taɓa tsinkewa an ƙulla an naɗe da leda. Rana ta cinye robarta har ta yi fari-fari.

Na ce, "Alhaji, wannan wayar ina ta nufa?"

"Ɗakin tsohuwa. Sabo ne ya ja mata tun da daɗewa, don ƙwan fitila da rediyo. Tun kafin a sayi firji."

Iya Abu tana kishingiɗe a kan gado an tokare ta da matasai. Ƴar ƙaramar tsohuwa ce, fara, ba kamar yadda muryarta ta sa na zata ba. An rufa mata zane daga ƙugu. A gefe ɗaya zanen ya tashi, a ɗayan ya kwanta a kan katifa. Na durƙusa.

"Sannu, Iya. Yaya jiki?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi. Wane ne?"

Alhaji ya ce, "Malam Garba ne, mai gyara."

"Au, kai ne? Ashe dattijo ne ma, nake ta ce maka ɗan nan. Har da furfura."

Firjin yana kusurwar ɗaki, sitabilaiza a kansa. Akwai wuta a lokacin. Muna cikin gaisuwa ya yi ƙas.

Ta ce, "Ka ji shi? Yana gaishe ka."

Mitata tana cikin jaka, ba na rabuwa da ita. Na nemi izini na sa ta a soket. Wutar da ta iso ɗakin dama ba ta kai ta zaure ba. Na tsaya ina kallo har kwamfireso ya sake yunƙuri, sai allurar mita ta faɗi ƙasa warwas, ƙas, sannan ta dawo. Na kama wayar a saman ƙofa na ji ta da ɗumi. A shekarun da wuta ke da ƙarfi, abin da ke tsira ta cikin siririyar wayar nan yana isar firjin da ƙyar. Da wuta ta yi rauni sai ya daina isa. Rile da sitabilaiza da kwamfireso duk ba su da laifi. Firjin bai taɓa lalacewa ba.

Na gaya wa Alhaji haka a gabanta, na gaya masa har da tsohon kwamfireson da ke ƙarƙashin teburina. 

Na je kasuwa na yanko waya mai kauri. Ni da Sabo muka ja ta daga mita, muka bi bango muka kafe ta, muka sa sabon soket. Matar gidan tana ɗakinta, labule a sake, ba wanda ya ga wani. Bayan azahar muka fara, rana ba ta yi sanyi ba muka gama. Na jona firjin. Ya tashi a yunƙurin farko, ya kama gurnani a hankali, bai tsaya ba.

Iya ta karkata kai tana saurare. Ta daɗe tana jiran ƙas ɗin, bai zo ba.

Ta ce, "Shi ke nan?"

Na ce, "Shi ke nan, Iya."

"Wato dama shigowa kawai za ka yi ka gani?"

"Eh, Iya."

Ta dube ni, ta dubi ɗanta da ke tsaye a bakin ƙofa.

"To wa ya hana ka? Ni dai ba wanda ya tambaye ni. Da na ce ka shigo tun ranar farko, ni da na haifi kamarka."

Alhaji ya sunkuyar da kai.  Ta miƙa hannu ta ja zanen ta gyara shi a kan gwiwar, ta lallaɓe wurin da ya kwanta.

Ta ce, "Ku tashi ku je, ga shi can ana kiran la'asar. Mudi, in ka dawo ka zo ka ɗaga ni, ina so in yi alwala."